Direba da Matarsa

Asabar, 5 ga Safar 1430, bayan la'asar

Zaituna ta kira yau. Ita ta kira, ba ni ba.

Wasu malamai ne mata huɗu, duk a unguwar Safa a nan Jidda suke zaune, makarantar da suke koyarwa kuma tana wani ƙauye can bayan Usfan. Direbansu zai koma ƙasarsu ƙarshen watan nan, suna neman wani kafin a koma zango na biyu, ranar uku ga Rabi'u. Kowace za ta biya riyal dubu a wata. Sai dai mazansu ba su yarda su shiga motar namiji shi kaɗai ba. Direba da matarsa suke so: shi yana tuƙi, ita tana zaune a gaba, a je tare a dawo tare.

"Ya'ani ni da kai," in ji ta. "Amma fa sai da mota, ya Abu Luba. Babba, mai mukayyif, na'urar sanyi."

Na ce mota ba matsala ba ce. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, ni da ko keke ba ni da shi.

Tun da na yi tafiyar nan, ita da 'yarmu Luba suke gidan yayanta Abdulghaffar. Na dawo wata uku ke nan, su ba su dawo ba. Su dawo ina? Ɗakin Kawu a Hindawiyya, inda ni kaina tabarma aka shimfiɗa mini kusa da keken ɗinki? Ba na ganin laifinta. In na samu motar nan na samu aiki, na samu kuɗin haya, na samu iyalina. Komai yana kan taya huɗu.

Litinin, 7 ga Safar, bayan azahar

Na sa farar jallabiyar da Kawu ya goge mini na tafi ma'arad, wurin masu sayar da motoci biyan wata-wata. Wani saurayi mai gyararren gemu ya tarbe ni kamar ya san kakana. Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo shayi, ya nuna mini wata doguwar mota mai kujeru layi uku. Na shiga na riƙe sitiyari. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Daga nan ya karɓi iƙamata, katin zamana a ƙasar, ya buga lambar a kwamfuta. Na ga fara'arsa tana sauka a hankali.

"Ma'alish ya ustaz, sunanka yana cikin waɗanda suka kasa biya. Akwai ragowar bashin wata a-kori-kura, dubu goma sha takwas."

Na san da ita, ta shago ce. Na zaro takardar i'isari na miƙa masa, wadda alƙali ya ba ni, mai shaidar cewa an bincika ba ni da komai. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta da ladabi.

"Wannan takardar ta fito da kai daga inda ka fito, amma ba ta fito da kai daga kwamfuta ba."

Ya ce hanya biyu ce. Ko in biya tsohon bashin sunana ya wanku, ko in kawo wani mai albashi da tsabtataccen suna ya ɗauki motar da sunansa, ni a yi mini tafwid, wato izinin tuƙa motar wani. Ya tambaye ni ko ina da ɗan'uwa irin haka. Na ce babu.

Kafin in miƙe an ɗauke kofin shayin, ban ma sha rabi ba.

Talata, 8 ga Safar, magariba

Ma'arad biyu yau. Shayi biyu, amsa ɗaya.

Alhamis, 10 ga Safar, bayan magariba

Na je Safa ganin Luba. Tun daga bakin layi na hango ta a ƙofar gidan, ba Luba ba, motar. Sabuwa ce fil, ruwan toka, ko ledar kujerun bai cire ba. Ta bara ma lafiyarta ƙalau ya canza ta. Mutum ɗaya, mata ɗaya, ofis ɗaya da bai fi tafiyar minti goma ba, me zai yi da irin wannan mota?

Wannan Abdulghaffar ɗin fa, lokacin da nake neman ƙanwarsa, yaro ne siriri da yake zuwa shagona a Bab Makka yana shafa shadda yana tambayar kuɗinta. Ni na biya masa makarantar koyon tuƙi. Kayan da ya sa ranar ɗaurin aurensa daga kantata suka fito, ban karɓi ko halala ba. Yanzu yana zaune a wani kamfani a bakin tashar jiragen ruwa yana buga hatimi a takardu, albashi yana faɗo masa kowane wata kamar an saita agogo. A nan aka haife shi, katin ɗan ƙasa gare shi. Iyakar abin da ya fi ni ke nan: uwarsa ta yi naƙuda a Jidda, tawa ta yi a Katsina.

Ya karɓe ni da kyau, kullum da kyau yake karɓata, abin da yake ƙona mini rai ke nan. "Ahlan ya Abu Luba, tafaddal, gidanka ne." Gidana ne, shi ya sa nake buga ƙararrawa kafin in shiga.

Luba ta yi tsawo. Ta ja hannuna zuwa taga ta nuna mini ƙasa.

"Baba, ka ga sayyaratna? Khali Abdulghaffar yana kai ni madrasa a ciki. Tana da talabijin a baya!"

Motarmu, in ji ta. Na ce ta yi kyau, Allah ya tsare.

Zaituna ta kawo gahawa ta ajiye, ta tambayi maganar mota. Na ce ana kan takardu. Ta dube ni, ta dubi yayanta, ta koma ciki.

Ba hassada ba ce. Kawai dai ina lura da abubuwa.

Juma'a, 11 ga Safar, bayan an sauko

Kawu yana ɗinki bai ɗago kai ba ya ce, "Muntaka, ka je ka sami surukinka."

Na ce wane surukin?

"Kana da goma ne? Mai motar. Tun jiya da ka dawo kake juyi kana tsaki, ka hana ni barci. Ka ce ledar kujera, ka ce talabijin. Ni da ban ga motar ba har na san launinta."

Na ce Kawu, yaron da na koya wa ɗaura agogo?

"To yanzu agogon yana hannunsa. Miƙo mini almakashi."

Tsufa ne. Bai san yadda abin yake ba, shi da bai taɓa samu ba balle ya rasa.

Lahadi, 13 ga Safar, hantsi

Na bi ta Bab Makka, ban yi niyya ba, ƙafa ce ta kai ni. Shagon yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Sun cire katakon da nake jera atamfa, sun sa gilashi da fitilu masu ƙyalli. Ban tsaya ba.

Rafi'u mai turare, maƙwabcina na da, ya hango ni ya fito da gudu. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya fara kawo sunayen 'yan jirgin da suka ɗebi kayana suka tafi Kano da alkawarin dawowa, na ce ya bar maganar. Da na gaya masa abin da ake ciki, ya rage murya ya ce akwai wani ofishi a bayan kasuwa, masu wanke suna. Suna ba mutum kuɗi ya biya tsohon bashi, ba ruwansu da kwamfuta.

"Amma fa, Alhaji, ban aike ka ba."

Shi kaɗai ya rage yana ce mini Alhaji. Na karɓi kwatancen.

Talata, 15 ga Safar, la'asar

Abdulghaffar ya kira ni. Shi da kansa.

"Ya Abu Luba, na ji ma'arad suna ba ka wahala. Ma fi mushkila, wallahi. In ɗauke ta da sunana, a yi maka tafwid, kai ka riƙa biya. Mu ai ɗaya ne."

Wa ya gaya masa? Ke nan suna zama a falon nan mai sanyi, ita da shi da matarsa, suna tattauna ni kamar wani mara lafiya. Ina jin ƙarar mukayyif ɗin motarsa ta cikin wayar. Ina jin Luba a baya tana rera wata waƙar makaranta.

Na ce na gode, na riga na samu hanya.

"Wace hanya?"

Na ce ta 'yan kasuwa, ba zai gane ba.

Ya ce, "Tayyib. Allah ya sauƙaƙe." Ko haushi bai ji ba. Mutumin da ba ya jin haushi ai raina ka ya yi.

Laraba, 16 ga Safar, da safe

In na ɗauki matata a motar da take da sunansa, wa ya ɗauke ta, ni ko shi?

Alhamis, 17 ga Safar

Ban je Safa ba. Na ce kaina ke ciwo.

Na ga irin motarsa guda uku a titi yau. Ɗaya an buge mata fitilar baya, na ji daɗi kafin in duba lambar in ga ba tasa ba ce. Astagfirullah.

Asabar, 19 ga Safar, bayan azahar

Zaituna ta kira, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Sidi ya ce ka ƙi." Haka take kiran yayan nata, Sidi, tun tana yarinya.

Na ce ban ƙi ba, na gode masa ne.

"Malaman sun samu wani Basudane da matarsa, da motarsu a hannu. Ni na roƙe su su jira zuwa Alhamis. Ni na roƙa, ya Abu Luba! Wata bakwai kana kurkuku ina gidan mutane, ina wanke kwanukan matar wana ina cewa na gode. Ni ban mutu ba. Kai kalma ɗaya za ta kashe ka?"

Ta faɗi sunan wurin. Tun da na fito ba wanda ya faɗa a gabana, kowa tafiya yake cewa.

Na ce ta ba ni kwana biyu.

"Halas, shi ke nan," in ji ta, ta kashe.

Ba ta taɓa gaya mini maganar kwanukan ba. Ni ina nan ina tsammanin tana can tana shan sanyi.

Litinin, 21 ga Safar, bayan la'asar

Na je ofishin da Rafi'u ya kwatanta. Hawa na biyu ne, ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, da wani dattijo mai carbi da murya mai laushi. Bai buga lambata a ko'ina ba. Ya ce shi ba ya ba da kuɗi a biya da kuɗi, wannan riba ce, Allah ya kiyaye. Kaya yake sayarwa. Zai sayar mini da kaya bashi a kan dubu talatin, in sauka sito in ɗora hannuna a kansu su zama nawa, sannan wani mutum a shagon da ke kusa ya saye su a hannuna nan take, dubu goma sha takwas, kuɗi a hannu. Ba sai na ɗauki komai ba, kayan ba sa motsawa.

Na yi shekara ashirin ina kasuwa, na san abin da ake kira wannan. Amma na ce to.

Ya sauko da ni da kansa. Sito ne ƙarami, ba taga, yana warin laima. Ya kunna fitila. Na ɗauka shinkafa zan gani ko katan-katan na sabulu, don su aka ce an fi amfani da su.

Diloli ne na atamfa, guda shida, jere a jikin bango. A gefen kowanne an rubuta M.K. da shuɗin alƙalami, an ja layi biyu a ƙasa. Hannuna ne. Ni na rubuta, a ƙofar shagona, ranar da suka iso daga tasha. Ashe da aka yi gwanjon kayana shi ya saya.

Ko buɗe su bai yi ba. Igiyar da na ɗaure tana nan. A saman dila ta farko akwai wani wuri da ya yi baƙi yana sheƙi, daidai faɗin tafin hannu, saboda yawan masu ɗorawa. Na tambaye shi sau nawa ya sayar da su.

"Allah ya sa musu albarka," in ji shi. "A wata nakan sayar sau goma, sau goma sha biyar."

Ka ji fa. Kayan da na kasa sayarwa sau ɗaya har suka kai ni inda suka kai ni, wani yana sayar da su sau goma sha biyar a wata yana zaune yana jan carbi. Har shi sai da na ji ƙyashinsa. Na ce masa atamfa ba a barinta a ƙasa haka, laima za ta cinye ta. Ya yi dariya ya ce ba wanda zai ɗaura.

"Yalla ya hajj, ɗora hannu ka ce na karɓa."

Na ɗora. Wurin santsi ne da shi, da ɗan ɗumi. Sai ya zaro littafin cak daga aljihu, ya ce in sa hannu a guda ɗaya na dubu talatin, ajiya ce kawai, ba zai kai banki ba sai in na yi latti. Haka wancan ma ya ce mini, wanda cak ɗin da na sa masa hannu ya jawo mini tafiyar, kusan da irin wannan muryar.

Ban ce na karɓa ba. Na tsaya hannuna a kan kayana ina kallon cak ɗin, ina tuna ƙofar ƙarfe da yadda take kukan rufewa. Na tuna Zaituna da kwanuka. In na koma, wata nawa za ta ƙara?

Na ce masa zan je in yi shawara. Ya ce kowa haka yake cewa, kuma kowa yana dawowa, ofis a buɗe yake har isha.

Na wanke hannuna a masallaci sau uku, har yanzu ina jin santsin.

Talata, 22 ga Safar

Ban fita ba. Kawu bai tambaye ni komai ba, ya dai ƙara mini nama a miya.

Laraba, 23 ga Safar, bayan magariba

Na je Safa.

Abdulghaffar ya ba ni kujerar da ke kusa da mukayyif. Na shirya magana tun daga Hindawiyya, bai bar ni na kai rabi ba ya ce halas, an gama. Da ya bari na ƙarasa, da na fi jin cewa ni na yi wani abu.

Asabar, 26 ga Safar, azahar

Ma'arad ɗin farko muka koma, saurayin nan mai gemu. Ya buga lambar Abdulghaffar, fara'arsa ba ta sauka ba, ƙaruwa ma ta yi. Shayi biyu aka kawo, aka ƙaro, aka kawo dabino. Ni ko kallon sani bai yi mini ba.

An tambayi launi. Na buɗe baki zan ce fara, Abdulghaffar ya ce ruwan toka ta fi ɓoye datti. Ruwan toka aka rubuta.

Tafwid na wata uku ne, in ya ƙare shi zai sabunta. A takardar akwai sunansa a sama, mai mota. Nawa yana ƙasa.

A hanyar dawowa ya ce yana da magana ɗaya, kada in ɗauke ta da zafi. Zaituna da Luba za su ci gaba da zama a wurinsa har a ga biya uku sun shiga, in kuma kama gida. In zo in ɗauke ta da asuba, in dawo da ita in an tashi.

"Ba don komai ba, ya Abu Luba. Sunana ne a ciki yanzu, kuma ƙanwata ce."

Na ce haka ne.

Na sha cewa haka ne a rayuwata, ban taɓa jin ta yi mini ɗaci irin na yau ba.

Asabar, 3 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Ina idar da sallar asuba na tafi. Ta sauko da jakar hannu da fulas ɗin shayi, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Rabon da mu zauna kusa haka tun kafin tafiyar. Na ji ƙamshin turarenta, wanda ta saba, ba ta canza ba.

Muka bi gida huɗu muka kwashi malaman. Suka cika baya da abayoyi da jakunkuna da surutu. Babbar cikinsu ta leƙo ta tambayi Zaituna da Larabci ko wannan ne mijin nata, ta ce shi ne. Ta ce to ya riƙa tafiya a hankali, wancan direban gudu gare shi.

Muka fita gari, hanya ta miƙe. Zaituna tana kallon gaba, ni ma haka. Ina da magana cike da ciki, ga kunnuwa takwas a bayana. Ta zuba shayi a murfin fulas ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba.

Wajen Usfan rana ta fito sosai. Malaman suna gardama a kan jadawalin jarrabawa. Sai na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa zalla, don kada su ji.

"Baban Luba, ka rame."

Na waiwaya na dube ta. Na wuce mararrabar makarantar, sai da babbar malamar ta buga bayan kujerata na juyo.

Awa shida muka yi a ƙofar makarantar muna jiran a tashi, ita a ɗakin masu gadi mata, ni a mota. Haka ƙa'idar take.

Da muka dawo Safa na sauke su ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta ƙarshe. Abdulghaffar yana tsaye a ƙofa, ya dawo daga ofis. Ya ɗaga mini hannu, ya zagaya motar yana duba jikinta, ya sunkuya ya goge wani abu a ƙofar baya da babban yatsa. Luba ta fito ta rungume ƙafarsa tukuna, sannan ta zo ta taga ta gaishe ni.

Zaituna ta tattara fulas ɗinta. Na ce mata wata uku da yawa.

"Na yi goma," in ji ta. "Gobe kada ka makara."

Ta fita, ta shiga gidansa, ya rufe ƙofa.